Hannuna Biyu a Bayan Moton Malam

Me Malam ya shiga ɗaki ya ɗauko? Tun ranar da aka fita da shi daga gidan nan tambayar ba ta bar ni na zauna wuri ɗaya ba. In na ɗauki tasbaha sai ta shiga tsakanina da ita. In an ajiye mini fura sai na tarar ta tsinke ban kurɓa ba. Ya bar ni tsugune a bayan motonsa, wato babur ɗinsa, inji yana kuka, ya ɗaga labule ya shiga, bai sake fitowa da ƙafarsa ba. Da na same shi kwance bayan ƙyaure, hannunsa a miƙe yake, babu komai a ciki.

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban iya rubutu ba. Autarmu da ke koyarwa a Ajekoriya ita ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini ubanta. Sunansa ban faɗa ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. Malam nake ce masa, ko da yake ba mai karantarwa ba ne. Allurar dabbobi ya yi tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare, yana bin rugage da rijiyoyi a arewacin Dakoro.

Jama'a sun zo gaisuwa har tabarmi suka kasa. Na lura da abu ɗaya: duk wanda ya shigo, in ya gama ce mini ya haƙuri, sai idonsa ya tafi rumfa, inda moton yake jingine. Wani tsohon Bafillace ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, mu kukan motonsa munka fara sani kafin fuskarsa. In na wani ya tunkaro, shanu watsewa suke. Nashi ko kai ba su ɗagawa, don ba shi firgita." Wani Buzu da ban taɓa gani ba ya shigo da rawaninsa, ya yi addu'a, ya je ya dafa sirdin moton ya daɗe, ya fita. Daga baya na ji wai Malam ya taɓa ɗauko masa ɗan raƙumin da ya karye, ɗaure a baya, tun daga rijiyarsu har gari. Bai taɓa ba ni labarin ba. 'Yan kabu-kabu na tasha kuwa, waɗanda ya saba yi wa faɗa don ba su wanke matatar iska, a bakin lungu suka kashe injinansu, suka turo da hannu har suka wuce ƙofarmu.

Yayarsa ita ba ta yi wannan kara ba. Tana kuka tana nuna rumfa. "Wannan ƙarfen shi ya kashe mini ƙane. Mutum ya tsufa ba shi zama, kullum shina duƙe cikin hayaƙi."

Ƙanensa, wanda muka yi ta wasa da shi tun ina amarya, shi ya kawo maganar da ta hana ni sukuni. Bayan sadakar uku ya zauna bakin ɗakina ya ce, "Matar Yaya, ki yi haƙuri, amma moto ba shi rabuwa. In lafiya gare shi, wani cikin magada shi ɗauka a rabonsa. In ko ɗingishin nan ya kama shi ke nan, masu sayen tsohon ƙarfe suna nan, su farfasa."

Na ce, "Su farfasa kanka mai sanƙo."

Ya ce, "Ko shi sai sun auna." Muka yi ɗan murmushi, amma duk mun san ba wasa yake ba. Ya ce in an yi arba'in za a yi rabo.

Sai na bayyana wa wanda bai san moton ba. Ya girmi ɗanmu na fari. Ba irin na yanzu ba ne masu tukunya ɗaya. Tukwane biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace da karbiretarta, wato abin da ke gauraya mata mai da iska, kowace kuma da bututun hayaƙinta a baya. Malam ya raɗa musu suna. Ta dama Hasana, ta hagu Usaina. In suna ci daidai, moton zai haye tudun rairayi da mutum biyu da akwatin allura bai yi nishi ba. In ɗaya ta fi ɗaya ci, sai ya riƙa karkarwa, ya sha mai, ya mutu a inda babu inuwa.

Yadda na shiga aikin kuwa, da katsalandan ne. Ina sabuwar aure ya yi wani zazzaɓi mai zafi da ya tafi da kunnensa na hagu. Wata hantsi ina tankaɗe, shi yana ta juye-juye a gindin moton, na kasa haƙuri na ce, "Malam, abin nan naka kamar mata biyu a turmi ɗaya da ba su saba daka tare ba. Ɗaya tana rigan ɗaya." Ya ɗago ya dube ni har na tsorata. Ya ce, "Wace ke rigan?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Aje rariyar, taho." Ya tsugunar da ni a baya, ya kama tafukana ya sa kowane a bakin bututu, ba kusa sosai ba. Na ji iska mai ɗumi tana bugun hannuna, ta dama da ƙarfi, ta hagu kamar numfashin mara lafiya. Daga ranar na zama kunnensa na hagu.

Yana da ka'idodinsa, kuma ba ya gajiya da maimaita su. Ba a gyaran moto da sanyin jiki, sai ya zagaya da shi ya yi zafi. Ba a taɓa abu biyu lokaci ɗaya: in ya juya bis ɗin Hasana, wato 'yar ƙusar da ke daidaita cinta, da turnabis, abin juya ta, ɗan juyi kaɗan, sai ya tsaya ya jira ni. Yakan cire hular buji ɗaya, wato fulogin da ke ba tukunya wuta, ya bar moton yana tafiya da tukunya guda, ya saurara, ya maida, ya cire ɗayar. In na gaji na ce sun yi daidai, sai ya ce, "Ke tsohuwa," tun ina yarinya haka yake kirana, "ba abin da kike so na tambaye ki ba. Mi hannunki ya ji?"

Tsintsiyata kuwa ta sha wahala. Cikin kowace karbireta akwai ɗan marfi da waya ke ɗagawa in an murɗa hannu, kuma tilas su biyun su tashi tare. Sai ya zare tsinke biyu daga tsintsiyata, ya soka kowane a ƙarƙashin marfi, ya murɗa a hankali yana kallon wanda zai fara motsi. Kullum kuma masu kauri yake zaɓa. Na ɓoye ta a rumbu, ya gano. Na ɓoye a ƙarƙashin gado, ya gano. Na ce, "Ka sayi taka mana." Ya ce, "Taki ta fi sanin gidan."

Ba zan ɓoye abin da ya yi mini ba don ya mutu. Ranar da aka aiko daga Sabon Maci cewa mahaifina ya rasu, na fito da mayafina, na tarar da shi tsugune da turnabis. Ya ce Usaina ba ta yi masa ba, in sa hannu. Na ce, "Ubana ke kwance, kai kana lallashin ƙarfe?" Ya ce in muka fita haka a rairayi za mu kwana. Na sa hannu ina kuka, ban san me na ji ba, ban san me na gaya masa ba. Da muka isa, an dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskar ubana ba. Damina guda ban tsuguna bayan moton nan ba. In ya tashe shi sai in ɗauki tulu in bar gidan. Bai ce in yafe masa ba, bakinsa bai iya wannan ba. Amma tun daga lokacin, duk ranar kasuwar Sabon Maci sai ya je ya gaida mahaifiyata, ya gyara mata danga, ya sauke mata hatsi daga rumbu, har Allah ya karɓi abarsa. Ita ce ma ta ce mini, "Ɗiyata, koma ki sa masa hannun nan, kukan motonsa ya lalace har ina jin kunya." Ko yau in na tuna ranar can zuciyata tana tafasa. Na yafe, amma tana tafasa.

Da ya bar aiki bai bar moton ba. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa Ɗan Gulbi gaida abokai. Sai bara, wajen kaka, Usaina ta kamu da wani ciwo da bai taɓa gani ba. Da safe lafiya lau. In ta yi zafi sai ta fara atishawa, tana tofo mini iska a katse, bututunta ya yi zafin da ya fi na 'yar'uwarta. In ya saki hannu, maimakon kukan ya sauka, sai ya rataye sama, can ya faɗo kamar zai mutu. Ya kwance buji: na Hasana ja-ja kamar ƙasar tukwane, na Usaina fari fat. Ya musanya su, ciwon bai bi buji ba. Ya kwance karbiretar ya wanke, ya hura kowace ƙofa da bakinsa har leɓensa ya yi ɗaci. Ya sake waya. Ya duba ɗan abin da ke yawo a kan mai cikin kofinta. Ya daidaita su da safe su yi kyau, kafin azahar sun rabu. Ya daidaita da zafi, washegari ta ƙi tashi.

Mutumin ya kasa zama. Yana cikin cin tuwo sai ya tsaya da loma a hannu, ya tashi ya nufi rumfa. Ya dawo masallaci ba ya cire babbar riga sai ya je ya leƙa. Wata rana ya ce mini, "Ko hannunki ne ya tsufa?" Na ce, "Ko kunnenka ɗayan ne ya bi ɗan'uwansa?" Muka wuni ba mu yi magana ba. Da la'asar na ji yana cewa daga rumfa, kamar da kansa yake, "Da wani zai taimaka ya sa hannu." Na je.

A haka ya tafi ya bar ta.

Bayan maganar ƙanensa na aika aka kira ɗan ƙanwarsu, mai garaji a bakin tasha, wanda shi ma furfura ta fara masa. A hannun kawunsa ya fara riƙe turnabis. Na ce masa ba na so a farfasa moton nan, kuma ba na so ya bar gidan yana ɗingishi. Ya ce, "Inna, ni ma ba ni so. Amma abin da ya gagari Kawu…" Na ce ya dai zo.

Ya zo da wata siririyar tiyo da ya lanƙwasa ya ƙusance jikin katako, da jan mai a ciki. Ya haɗa bakinta ɗaya da Hasana, ɗaya da Usaina, ya ce in suna shaƙa daidai man zai tsaya kai ɗaya. Na ja hijabina na tsuguna a wurina. Yayar Malam ta fito tana tafa hannu. "Mace cikin takaba, tsugune bayan moto! Mi mutane za su ce?" Na ce, "Yaya, ban fita ba, ban yi kwalliya ba. Cikin gidan mijina nike, ina aikin mijina." Ta koma tana gunaguni, amma ta bar labulenta a ɗage.

Da injin ya yi zafi na ce, "Ga ta nan, ta fara." Ya ce, "Wallahi man ma ya gudu gefe guda." Na ji wani sanyi a raina, ashe hannuna bai tsufa ba. Amma sanin ciwo bai kawo magani ba. Ya ce Usaina iska take sha ta wata ɓarauniyar hanya, shi ya sa bujinta ya yi fari. Ya duba wuyan roba da ya haɗa karbireta da tukunya, ya shafa, ya matsa, bai ga tsaga ba. Ya ƙara ɗaure zoben. Ya zo ya sake zuwa, har ya fara sunkuyar da kai in zai shigo. Ƙanen Malam kuwa kullum sai ya leƙo. "Matar Yaya, Usaina ta warke ko in kira masu guduma?" Ni kuwa na kasa tsaye na kasa zaune. In je rumfa, in dawo ɗaki, in sake fita, har jikokina suka fara kaucewa hanyata.

Ana gab da arba'in, wata walaha na shiga ɗaki na tsaya a inda ya faɗi. Na ce wa kaina, kayan aikinsa duk suna cikin akwati a rumfa, ko allura ba ya ajiyewa a ɗaki. To abin da ya shigo nema ba kayan aiki ba ne. Na miƙa hannuna yadda na ga nasa a miƙe. Abin da ke wurin, bayan ƙyaure, 'yar kujerata ce ta tsugunno, da guntun sabulun wanki a kanta. Sai na tuna wata tafiya da muka yi zuwa Ɗan Gulbi da daɗewa, tanki ya fara ɗiga a hanya, ya roƙi sabulu a wani gida ya liƙe wurin, muka isa.

Na kai wa ɗan ƙanwarsa sabulun na ba shi labari. Ya juya shi a hannu, sannan ya ce a ba shi ruwa kaɗan. Ya jiƙa shi ya yi laushi. Ya tashi moton, muka jira har Usaina ta fara atishawarta. Ya shafa a saman wuyan robar, babu canji. Ya shafa a gefe, babu. Ya kwanta a ƙasa da rigarsa, ya zura yatsa can ƙarƙashi inda ido ba ya kai, ya shafa.

Iskar da ke bugun tafina na hagu ta cika. Haka kawai, kamar an buɗe mata ƙofa. Na ce, "Tsaya! Kada ka motsa!" Ya ce, "Inna, man shina dawowa!" Ba a daɗe ba zafi ya narkar da sabulun ta koma atishawa, amma mun riga mun gani. Da ya kwance robar ya lanƙwasa ta a rana, sai ga tsaga siririya kamar gashi, wadda ba ta buɗewa sai ta ji zafi. Ya yanko wata daga tiyon ruwan mota mai kauri ya ɗaura. Daga nan aiki ya dawo sabo, domin tun yana raye Malam ya juya bis ɗin Usaina ya kai shi nesa garin lallashinta. Ya ce, "Inna, ina tsintsiya?" Na ɗauko da kaina, na zare masa masu kauri biyu. Yana juyawa ina faɗa, yana duba mansa, har na kasa bambance hannun dama da na hagu.

Ƙanen Malam yana tsaye a bakin zaure, ban san lokacin da ya shigo ba. Ya saurara, ya cire hula ya share sanƙonsa, ya ce, "Wannan Yaya ne ya dawo daga daji." Ya juya ya fita. Yayarsu ta saki labule, na ji kukanta daga ciki. Ranar rabo babu wanda ya ambaci guduma. Ɗanmu na fari ya ɗauki moton a rabonsa, ya ce a nan zai zauna, ɗan ƙanwar ubansa ya riƙa zuwa yana zagayawa da shi.

Kowa ya ce mini magana ta ƙare, sabulu Malam ya shiga ɗaukowa, ya gano ciwon a ƙarshe, Allah bai ba shi ikon shafawa ba. Na so in yarda. Amma sabulun a kan kujerata yake, kuma akwai abin da ni kaɗai na sani.

Safiyar ranar da ya rasu ya zagaya da moton ya dawo, ya kira ni. Na tsuguna da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara. Na ce, "Malam, gwiwoyin nan sun gama. Tun ina amarya kake tsugunar da ni a ƙasa, ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa ga abin zama ba." Ban yi zaton ya ji ba, don ta gefen kunnen hagu nake. Usaina ta yi atishawa a daidai lokacin. Ya ɗago kai. Ya dubi moton, ya dube ni, fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Wacce ya ji, ita ko ni? In sabulu ya je ɗaukowa, to Malam ɗin da na sani ne, har numfashinsa na ƙarshe. In kuwa kujera ce, to an yi mini wani abu a gidan nan da ban samu na ce na gode ba. Na tambayi autarmu, ta ce wataƙila duka biyun. Ita ba ta zauna da shi yadda na zauna ba. Ba ya taɓa abu biyu lokaci ɗaya.

Kukan injin bai bar ni na ji faɗuwarsa ba. Ina nan tsugune, hannuna biyu a miƙe, ina ta mita a raina, har moton ya shaƙe ya mutu don kansa, gidan ya yi tsit, na kira shi bai amsa ba.

Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya sa kabarinka ya fi rumfar nan inuwa, ya yafe maka ranar Sabon Maci kamar yadda na yafe. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ni dai in an tashi moton har yanzu tafukana buɗewa suke da kansu, kuma ina ganinsa yadda ya miƙe, ya dafa gwiwa, ya soke turnabis a aljihu, ya waiwayo daga bakin labule ya ce:

"Ke tsohuwa, kada ki ɗauke hannunki. Ina zuwa."